Abin da Ban Faɗa a Majalisa Ba

Tun da na dawo daga Abuja ban samu sakat ba. Duk wanda ya shigo zaurena, kafin ya gama gaisuwa ya jefo tambaya: yaya majalisa take, da gaske ne kujerunsu juyawa suke yi, an ba mu abinci ko ba a ba mu ba. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura in na ba da labarin da baki akwai wurin da nake tsallakewa. To ga shi a rubuce, da ɗan bokon da na yi na firamare.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Mamman da na yi shekaru da injin niƙa a bakin kasuwar Batsari, irin na da, mai dogon bel. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan bel ɗin ya kama hannun daman ma'aikacina, Isiyaku mutumin Wagini, aka yanke hannun daga gwiwa. Abin da gari ya sani shi ne ganganci ya yi: wai ya sa riga mai faɗin hannu yana ta hira da matan da suka kawo niƙa, bel ya ja rigar. Ni na faɗi haka, tun jinin bai bushe a ƙasa ba. Gaskiyar kuwa, injin ya zo da ragar ƙarfe da ke rufe bel, ni na kwance ta, domin bel yana yawan zamewa, kuma in aka kashe inji sai ƙarti biyu sun yi gumi kafin ya sake tashi. Sai na kafa doka: ba a kashe inji, a mayar da bel yana juyawa. Maganar hira da mata ta kai kunnen matarsa, ta ɗauki ɗansu Lawal ta koma gidansu a Ruma, ba ta dawo ba. Mutum biyu ne suka san gaskiya a duniyar nan, ni da Isiyaku.

Saboda haka ranar da na gan shi a ƙofar zaurena, shi da bai taɓa tako gidana ba tun wancan lokaci, na san ba gaisuwa ce ta kawo shi ba. Tare yake da wani magidanci ɗan Safana, Nura, wanda ake kira Kwamared, mai aiki da wata ƙungiya ta waɗanda suka ji rauni a wurin aiki. Bayan mun gaisa Kwamared ya ce majalisa na muhawara a kan gyara dokar kare lafiyar ma'aikata, kuma an buɗe ƙofa jama'a su je su faɗi abin da suka gani.

"Baba, muna son a ga mai rauni, a ga mai inji, a zaune wuri ɗaya."

"Masu inji sun ƙare a ƙasar Katsina ne sai ni?"

"Malam Isiyaku ne ya ce kai."

Na dubi Isiyaku. Yana kallon tabarma.

Ɗana Sani ya ce kada in je. Ya ce in dokar ta fito, da ni za a fara gwada ta. Ni ma abin da ke raina ke nan. Amma na yi lissafin cewa in na ƙi, Isiyaku zai tafi shi kaɗai ya faɗi abin da ya ga dama ba ni a wurin. Kada wani ya ɗauka tsoron Allah ne ya fitar da ni daga gida. Gadin bakinsa na tafi yi.

Mun fita bayan rana ta ɗan ɗaga, don yanzu ba mai bin hanyar Runka da duhun asuba. Daga Batsari zuwa Safana ba wanda ya yi magana a motar, kowa idonsa na bakin daji. A Safana muka ɗauki Kwamared, ya shigo da jaka da waya biyu, tun bai zauna ba ya ɗauke mu hoto. Na tambaye shi wa zai aika wa. Ya ce ofis. Na ce wane ofis. Ya yi dariya ya ce, "Baba, kai da tambaya kamar alƙali." Bai dai faɗa mini ba.

Daga Dutsin-Ma direba ya zaga ta Malumfashi, ya ce gara nisa. Shingen masu kaki ban ƙirga ba, amma na bayan Funtuwa, wajen da ake fita ƙasar Katsina, shi ne ba zan manta ba. Aka ce kowa ya sauko da katinsa. Da mutumin ya karanta Batsari a nawa sai ya ɗago ya sake dubana, ya kira ɗan'uwansa. Suka zo kan Isiyaku, suka ga hannun riga a naɗe da fil.

"Harsashi ne?"

"Inji ne, ranka ya daɗe."

"Wane irin inji?"

Isiyaku ya juyo ya dube ni. Wallahi na ɗauka a nan bakin titi za a yi ta. Sai ya ce, "Na niƙa." Kwamared ya fito da takardar gayyata mai hatimi, suka juya ta gaba da baya, suka ce mu tafi. A ranar na gane yadda ake kallon mu a waje. Mu da ake kora daga gonakinmu, mu ne kuma abin zargi in mun fita.

A Zariya muka tsaya sallah da cin abinci. Shinkafa da wake ce da mai da yaji, ba laifi, sai dai waken bai kai namu na Karare ba. Wani dattijo da ke gefenmu a benci ya ga Isiyaku na cin abinci da hagu, bai lura da ɗaya ɓangaren ba.

"Haba Malam, da girmanka? Ina ta daman?"

"Tana Katsina, Baba," in ji Isiyaku. "Ta riga ni kwanciya, tana jira na."

Dattijon ya leƙa, ya yi salati, ya shiga ba da haƙuri har da riƙe gemu. Mutanen wurin suka yi dariya, Isiyaku ma ya yi. Ni ban yi ba.

Mun shiga Abuja ana kiran magariba. Masaukin bene ne, aka sa mu a wani akwatin ƙarfe ya hau da mu, na riƙe bango har muka tsaya. Maimakon mabuɗi kati aka ba mu. Mutanen can ba sa gaisuwa. A nan sai ka tambayi mutum gida da iyali da gajiya da dabbobi, can kuwa ka yi sallama a ɗaga maka gira. Tuwon da aka kawo a naɗe yake cikin leda, fari fat, ba ƙamshin hatsi ko kaɗan. Bayan gida kuma ba buta, da gorar ruwa muka yi dabara.

Ɗaki ɗaya aka ba mu ni da Isiyaku. A saman rufin akwai wani farin abu kamar faifai, da 'yar jar fitila tana ƙiftawa. Na ce a raina to ga shi nan, da wannan za su naɗi duk abin da muka faɗa. Na hau kujera na rufe shi da hulata. Da safe Kwamared ya shigo ya gani, ya yi dariya har da zama a ƙasa.

"Baba, hayaƙi yake ji! In gobara ta tashi shi zai yi ihu ya tashe ku. Irin abin da muka zo nema ke nan, kai kuma ka sa masa hula."

Na sauke hulata. Ban dai yarda duka ba.

Da safen nan ne na ga abin da na yi shekaru ina kauce wa gani. Na ga yadda Isiyaku ke alwala, yana danne gora da gwiwa yana karkato ta. Na ga yadda yake ɗaure mazagin wando da haƙori. Na miƙa hannu zan sa masa maɓallin wuyan riga, ya ja baya.

"Bar shi, Alhaji. Na saba."

Kafin mu fita Kwamared ya ba ni takarda da Hausa, ya ce abin da zan karanta ke nan in an kira ni. Na sa tabarau na duba. An rubuta cewa ni mutumin ƙauye ne, ban san hatsarin inji ba, ba wanda ya taɓa koya mini, da akwai doka da na kiyaye. Na ce masa wa ya gaya maka ban sani ba? Ya ce, "Ai haka abin yake ko'ina, Baba. Rashin sani ne." Na ninke ta na sa a aljihu. Takarda ce mai daɗi, ta wanke ni tas.

A ƙofar majalisa aka karɓe 'yar wuƙar da nake fasa goro da ita, har yau tana can. Aka bi da mu ta wata ƙofa mai ƙara, wani ya ce kowa ya ɗaga hannuwansa biyu a shafa shi da wani ƙarfe. Isiyaku ya ɗaga abin da yake da shi.

Muna jira a baranda sai ga wani mutum cikin babbar riga ruwan toka, ƙamshinsa ya riga shi isowa. Ya wuce mutane da yawa ya zo kaina tsaye.

"Alhaji Mamman na Batsari ko? Barka da hanya."

Ban taɓa ganin sa ba. Ya ja ni gefe, ya ce shi yana tare da masu masana'antu, kuma ni da su jirgi ɗaya ne. Ya ce in wannan gyara ya wuce, kowane mai injin niƙa da mai walda da mai buga bulo zai wayi gari da jami'i a ƙofarsa yana neman na goro.

"Kuma ai mun ji labarin naka. Yaron ne ya yi sakaci, yana hira da mata. Haka suke. Faɗi wannan kawai in an ba ka dama, ka taimaki 'yan'uwanka."

Maganar da na ƙirƙira a bakin kasuwar Batsari don in kare kaina ta riga ni zuwa Abuja, har ta samu masu riƙon ta. Wa ya kai masa, ban sani ba. Na zargi Kwamared, na zargi direba, har ɗana Sani sai da ya faɗo mini a rai. Isiyaku yana tsaye taku biyar daga wurin, yana kallon wani hoto a bango. Ban san ko ya ji ba.

Zauren sanyi kamar randa. 'Yan majalisar suna sama a jere, kowa da abin magana a gabansa, wasu kujerun ba kowa. Da Turanci ake yi, Kwamared na raɗa mini fassara. A nan ma ban saki jiki ba, don mutum zai yi ta magana har ya sha ruwa sau biyu, Kwamared ya ce mini, "Ya ce bai yarda ba." Sauran fa?

Abin da na tsinta dai shi ne wannan. Tsohuwar doka manyan masana'antu ta fi dubawa, ana so a faɗaɗa ta ta shigo da ƙananan wurare irin nawa, kuma duk raunin da aka ji a wurin aiki ya zama dole a kai rahoto. Wani ya tashi ya ce talaka za a ƙara wa kaya. Wani ya ce wane jami'i ne zai shiga ƙauyukan bakin daji duba inji, inda malaman makaranta ma ba sa kwana. Wannan na ce a raina ya san ƙasa. Wata mace a cikinsu ta buga tebur, Kwamared ya ce cewa take hannun mai niƙa da na ma'aikacin babban kamfani duk hannu ne. Aka yi ta hayaniya, shugaban zaman yana buga guduma. Abin da ya ba ni mamaki, biyun da suka fi zafi a kan juna na gan su daga baya a baranda suna tafawa suna dariya. A Batsari in kun yi irin wannan sai an shiga tsakani.

Sai wani mai hula irin tamu ya karɓa, har ya sako Hausa a ciki. Ya ce mu a wajenmu ba ma bukatar rahoto, in tsautsayi ya faru manya ke zama, a ce ƙaddara ce, a yafe wa juna, zumunci ya ɗore. Wasu suka tafa masa.

Ni na san wannan zaman da yake yabo, don na taɓa shirya shi. Kwana uku da yanke hannun Isiyaku na ɗebi mai unguwa da liman na lokacin da dattawa biyu, muka cika mota muka same shi a gadon asibiti. Allura ba ta gama sakin sa ba, idonsa na lumshewa. Liman ya yi nasiha a kan ƙaddara, mai unguwa ya ce, "To Isiyaku, ga maigidanka, sai ka ce ka yafe." Mutum biyar a tsaye a kansa, dukkanmu mun haife shi ko mun girme shi. Ya ce ya yafe. Aka shafa fatiha. Daga ranar duk wanda ya sake tayar da maganar shi ne mai laifi.

Bayan azahar aka fara kiran baƙi. Masu kwat suka yi ta karanta takardu. Can aka kira Isiyaku, aka ce minti biyu. Masu hoto suka taso kamar ƙudaje, wani har yana nuna masa ya juyo da ɓangaren dungun. Na riƙe gefen kujera. Na ce yau asirina ya tonu a gaban duniya.

Ya faɗi sunansa da garinsu. Ya ce ya yi shekara shida yana niƙa, bel ya cinye masa hannu, yanzu yana tsaron awakin mutane. Ya ce in za a yi doka a sa a ciki cewa kada a tambayi mai rauni komai sai ya warke. Ya ce ya gode. Ya zauna.

Ni ba a kira ni ba. Shugaban ya duba agogo ya ce sauran su miƙa nasu a rubuce, za a ci gaba da muhawara wani zama. Kwamared ya miƙo hannu in ba shi takardar nan in sa hannu. Na ce na bar ta a masauki, alhali tana aljihuna. Mai babbar riga ya wuce ta gabana bai ko dube ni ba. Abin kunyar da zan faɗa shi ne daɗi na ji. Na fito ina jin kamar an sauke mini buhu.

Washegari muka juyo. Daɗin nan bai kai Kaduna ba ya gudu. A Safana Kwamared ya sauka, muka tsaya a gindin wata bedi muna jiran motar Batsari ta cika. Mu biyu ne a bencin.

"Isiyaku, me ya hana ka faɗa?"

"Faɗin mi?"

"Ka sani. Raga. Da dokar da na kafa."



"Alhaji, ai na faɗa a lokacin. Na faɗa wa surukaina, na faɗa wa uwar Lawal. Suka ce mai inji ya ce kaza, kai kuma ka riga ka yafe a gaban liman, mi kake nema? In na faɗa a Abuja cewa za a yi mai dungu na son a ba shi wani abu."

"To me ya sa ka ce sai da ni za a je?"

"A kasuwa in ka hango ni sai ka shige rumfar masu gishiri. Na ce in aka sa mu mota ɗaya kwana uku, ba rumfar da za ka shiga." Ya gyara fil ɗin hannun rigarsa. "Ni ba ruwana da mutanen can, ba su san ni ba. Lawal ya dawo Wagini da zama, yana da 'ya'ya uku. In ya gaishe ni kamar yana gaida baƙo. Har yau abin da ya sani shi ne ubansa ya watsa gidansu a kan hira da matan mutane. Kai ka faɗi waccan maganar, Alhaji. In ba kai ka janye ta ba, ba mai janye ta."

Ranar Juma'ar da ta biyo na sa Sani ya ɗauke ni a babur zuwa Wagini. Bai san abin da zan yi ba. Da aka sallame sallar Juma'a, kafin mutane su watse, na miƙe na roƙi a ba ni minti biyu. An nuna mini Lawal, dogo, yana tsaye wajen takalma. Na faɗi komai: ragar da na kwance, dokar da na kafa, rigar da ba ta da wani faɗin hannu, matan da ba wanda ya yi hira da su, da motar dattawan da na kai asibiti. Ban rage komai ba.

Sani ya sunkuyar da kai. Sai limamin, mutumin kirki, ya yi gyaran murya ya ce Alhamdu lillahi, Alhaji ya yi abin da ba kowa ke iyawa ba, abin da ya wuce ƙaddara ce, ina Malam Isiyaku, ya matso ya ce ya yafe a shafa fatiha. Dattawa suka fara cewa haka ne, haka ne, ana buɗa masa hanya.

Isiyaku bai matso ba. Daga inda yake zaune ya ce, "Allah gafarta Malam, wancan karon ma haka aka yi mini. Wannan karon a bar ni in je gida in yi tunani."

Ya tashi ya nemi takalmansa. Ɗaya ya shige ƙarƙashin na mutane, yana ta laluba da ƙafa. Lawal ya sunkuya ya zaro shi, ya ajiye masa a gabansa. Suka bi hanya ɗaya, ɗan na bayan uban da taku biyu.

Dokar tana can ana ta ja, ban san ranar da za su gama ba. Mutum uku sun zo sun ce in ba su izini su je su yi wa Isiyaku magana a madadina, har da mai unguwa. Na ce kada wanda ya je. Yau kwana goma sha tara, bai aiko ba. Ina zaune.